Rabon Kande a Ganyen Kalgo

Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka ba sai kun amsa mini ba, ku dai kasa kunne. Ni tunda nake ban taɓa riƙe alƙalami ba. Rifkatu ce ta zauna a bakin gadona da takarda, na ce mata ta zuba yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, kada kuma ta rage inda ya yi ɗaci. Tun ran Lahadi kuke ta tambayar juna abin da ya shiga tsakanina da ɗan'uwanku Ayuba, da ya fito daga ɗakina idanu jajur, ya hau babur bai yi wa kowa sallama ba. Kuma tun kuna yara kuke jin ana ce wa uwarku Mai Ƙulli, wai na saci Jibi Mai Tsarki, gurasar da ake karɓa a coci, na kai wa boka. Kun yi dambe a kan sunan nan a hanyar rijiya, kun dawo mini da fasasshen baki, ban taɓa ce muku ƙarya ne ko gaskiya ba. To, maganar biyu ɗaya ce, kuma saiwarta tana can cikin shekarar yunwa.

Ayuba ba daga cikina ya fito ba, wannan kun sani. Ɗan ƙawata Kande ne. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi ya zama maraya. Shekara uku ke nan da ƙafafuna suka ƙi kai ni coci, shi kuma da yake katakis ne, mai taimaka wa limamin coci, shi yake kawo mini Jibi a 'yar batta duk Lahadi bayan an tashi. Ina buɗe baki ina karɓa daga hannun mutumin da ban gaya wa gaskiya ba. Na ce ko da zai daina kawo mini, ko da zai daina ce mini Inna, gara ya sani tun ina da bakin faɗa.

Asalinmu Maguzawa ne, a nan unguwar da kuka tashi, tafiyar hantsi zuwa kasuwar Makoda. Gonaki manne da juna, in ka yi tari a taka na kusa zai ce maka sannu. Ni da Kande gari ɗaya aka kawo mu aure a shekara ɗaya, muka ƙulla ƙawance yadda ake yi, da goro da shaidu, ta zama in na yi biki ita ce a kan tukunya, in ta haihu ni ce mai ruwan wanka. Rana ɗaya kuma aka yi mana baftisma. Ni aka sa mini Hannatu, ita Saratu, amma ban da Fada, limamin cocinmu, ba mai kiranmu da su. Ni Tani, ita Kande. Cocin namu a lokacin ɗaki ne na laka da jinka, kujeru kuwa kututture. Fada yana zuwa a kan babur sau ɗaya a wata biyu, ya yi Misa, ya wuce wani ƙauye. Sauran Lahadi katakis ɗinmu, Malam Bulus, shi ke karatu da addu'a. Shi ya shirya mu karɓar Jibi, kuma har yau ina jin muryarsa.

"Mata, ku buɗe kunne. Wannan ba fura ba ce da za ki dama ki shanye a bayan ɗaki. Ubangiji Yesu ne da kansa ya mai da kansa abinci. Faranti ɗaya ne. Duk wanda ya ci daga cikinsa ya zama naki, kamar ciki ɗaya kuka fito. Yunwarsa taki ce, kukansa naki ne."

Kande ta ɗaga hannu. Ba ta iya barin magana ta wuce ta.

"Malam, to in haka ne, jar akuyar nan ta Tani tawa ce ke nan?"

"Taki ce," in ji shi, "amma ran da ta shiga gonar mutane, ke ma za ki je ba da haƙuri."

Muka yi ta dariya. Washegari muka durƙusa kafaɗa da kafaɗa, Fada ya ɗora mana 'yar farar gurasar nan a kan harshe, ita da fari, ni na biyu. A hanya ta ce mini, "Ƙawa, yanzu kam ba ki da hanyar gudu, an haɗa mu a faranti."

Da na dawo gida, Iya, uwar babanku, tana zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ita har ta mutu ba ta bar na gargajiya ba, kuma ba ta taɓa hana mu namu ba, sai dai ba'a.

"An dawo daga cin biki? To ina rabona?"

"Iya, ba a fitowa da shi."

"Ba a fitowa da shi? Wane irin yanka ne wannan da ake cinyewa a can a bar na gida? A namu ko zakara ɗaya aka yanka a gindin tsamiya, sai an ƙulle wa na kwance nasa a ganye, an kai masa har shimfiɗa. Wanda ya ci rabon mara lafiya, cikinsa ne zai tona shi."

Na wuce ɗaki don kunya irin ta suruka, amma maganar ta shiga ta zauna. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekarar farko gero ya yi kai bai yi ido ba. Ta biyu ko kan bai yi ba, ya bushe a tsaye yana guiwa. Gyaɗa ta ƙi. Rijiyoyi suka ja ƙasa har sai an ɗaura guga da igiya biyu. Aka sayar da awaki, aka sayar da tasoshin aure, jar akuyar nan ma ta tafi. Maza suka watse cin rani, babanku ya nufi birni yana dako, mijin Kande ya yi kudu, shi kuwa har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Muka koma cin tafasa da yaɗiya da ɗinkin, muka ci dusa, muka fasa ƙwallon goruba, muka tona gidan tururuwa muna ƙwace abin da ta tara. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun unguwa. Garin da tun asuba ake jin luguden taɓare ya zama ba ka jin turmi ko ɗaya. Yara ma suka daina wasa, sai su jingina da bango suna kallon mutum.

Kun san a wurinmu mace tana da gonarta da rumbunta, ita ke ci da 'ya'yanta in rani ya yi. Tun shekarar farko, da na ga alamar abin, na cika babban tulu da gero, na liƙe bakinsa da laka, na haƙa rami a ƙarƙashin gadona na binne. Ko babanku bai sani ba. Da abin ya kai maƙura na buɗe shi. Ba na daka, don turmi yana da baki. Sai in ja ƙofa in niƙa tafi biyu a kan dutse a hankali, in dama kunu tsararo in ba ke Rifkatu da yayanki da Iya. Iya ta sha ba ta tambaya ba. Na duba tulun da ido na ce a raina, in na yi ƙwauro zai kai mu sabon hatsi, in kuwa na buɗe hannu ba zai kai ba. Da wannan tunanin nake kwana nake tashi.

A farkon bazara Fada ya zo. Muka durƙusa kamar kullum, Kande a damana, goye da Ayuba, yana ɗan shekara ɗaya da rabi, 'yarta Talatu mai shekara huɗu tana riƙe da bakin zanenta. Muka karɓa daga faranti ɗaya. Washegari Litinin da hantsi, ina cikin niƙa, na ji sallamarta a tsakar gida. Na tura dutsen ƙarƙashin gado, na karkaɗe hannu, na fito. Tana tsaye da 'yar ƙwarya a ɓoye cikin mayafi, kamar mai jin kunyar a gan ta da ita.

"Ƙawa, ba zama na zo yi ba. Talatu ce. Ganyen nan ba ya zama a cikinta, yadda ya shiga haka yake fita. Ko tafi ɗaya ne na tsaba, in dama mata."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Wallahi Ƙawa, babu. Mu ma tafasar ce."

Ta dube ni. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu ta shafi guiwar hannuna da yatsa, ta duba yatsan. Fari ne da gari. Ta goge shi a zanenta a hankali.

"Kin taɓo toka," ta ce. "Sai an jima."

Ta juya da ƙwaryarta. Ina tsaye ina kallon bayanta har ta fita zaure. Taku goma ne tsakanina da tulun. Ina iya kiranta, muryata lafiya lau take. Ban kira ba. Ba zan ce muku Shaiɗan ne ya rufe mini baki ba, ni ce na rufe. Na tuna fuskokinku, na tuna gindin tulu, na koma ɗaki na ci gaba da niƙa. Iya tana gindin rumbu, ta ga komai. Abin da ta ce kawai shi ne, "Jiya ba tare kuka ci abin nan naku ba?"

Bayan mako uku Talatu ta rasu. Muka binne ta a bayan coci, a tabarma, rami ɗan ƙarami. Ran nan da na dawo na niƙa gero ba tafi biyu ba, na dama kunu mai kauri na cika ƙwarya, na ɗauka a fili kowa yana gani na kai gidan Kande. Tana zaune a ƙofar ɗaki, ƙafafunta sun fara kumburi. Ta karɓa, ta ɗora yaron a cinya ta ba shi ya sha har ya ture da kansa. Sannan ta dube ni cikin ido, ta kife ƙwaryar a ƙasa da sauran kunun a ciki. Ku na yanzu ba lalle ku san nauyin wannan ba. A wurinmu in ka kai wa mutum abinci ya kife ƙwaryar a gabanka, ya yanke ci tsakaninku ke nan, ba zai ƙara sa abin hannunka a baki ba har ƙasa ta rufe ido. Kuma a shekarar da mutane ke lasar murfin tukunya ta yi haka. Na ga ƙasa tana shanye kunun, na ɗauki ƙwaryata na tafi. Kullum bayan nan ina kaiwa, kullum tana ba yaron, kullum tana kifewa. Ita kuwa sai ganye da ruwa. Na roƙa, na durƙusa, na aika Iya. Kande ta ce wa Iya, "Ki gaya mata ta ajiye wa nata." Kumburin ya hau har ciki, ta kwanta.

Da Fada ya sake zuwa, Kande ba ta iya ko zama. Na je coci ni kaɗai, na durƙusa a inda muke durƙusawa, damana ba kowa. Kafin Misa mutane sun yi layi a gindin darbejiya suna furta wa Fada zunubi, ni na kasa shiga layin. Ina zaune ina jin Fada yana ɗaga gurasa yana addu'a, zuciyata tana can kan tabarmar Kande. Na ce a raina, ta rantse ba za ta ci na hannuna ba, to ga abincin da ba nawa ba ne, ba daga tuluna ya fito ba, tana da rabo a ciki kamar kowa, kuma tana kwance. Maganar Iya ta taso mini: na kwance ana ƙulle masa nasa a ganye. Ban san cewa Fada yana iya kai wa mara lafiya Jibi har gida ba. Ba mu taɓa gani ba, ba wanda ya taɓa faɗa mana, ni kuma ban tambaya ba. Da layi ya zo kaina na miƙa harshe, aka ɗora mini, na rufe baki ban haɗiye ba. Na koma wurina na sunkuya kamar mai addu'a, na ja mayafi, na fito da shi na sa a ganyen kalgo da na tsinko a hanya don fifita. Kun san ganyen kalgo, yana da fuska biyu, yana rufuwa da kansa. Na ninke, na ƙulle a bakin zane. Ashe wata daga cikin matan zumuntar coci tana bayana, ta gani.

Ban jira an tashi ba. Na ratsa gonaki da rana tsaka, hannuna a kan ƙullin. Na sami Kande a kwance ta juya wa ƙofa baya, yaron yana barci a gefenta.

"In kunu ne ajiye, bai farka ba."

"Ba kunu ba ne."

Na durƙusa na kwance ƙullin, na buɗe ganyen a gabanta. Ya ɗan jiƙe, gefensa ya lanƙwashe. Ta daɗe tana kallo kafin ta gane.

"Tani! Kin haukace? Me kika yi?"

"Rabonki ne. Wannan ba nawa ba ne, Ƙawa, ba ki da ikon kife shi. Ina da gero ran da kika zo. Tulu guda, a ƙarƙashin gado. Na yi miki rantsuwar ƙarya, kwana ɗaya bayan mun ci wannan tare."

"Na sani. Ai na ga tokar."

Hawaye yana bin gefen idonta yana shiga kunne. Sannan ta ce in tashe ta. Na jingina ta da ƙirjina, ba ta fi nauyin dami ɗaya na kara ba. Ta yi alamar gicciye, ta sa yatsu biyu ta ɗauka, ta raba shi biyu.

"Kin taɓa ganin an ci wannan mutum ɗaya? Buɗe bakin."

"Ban cancanta ba."

"Wa ya tambaye ki? Ni ma da na kife abinci a shekarar yunwa don in ƙona miki rai, na cancanta ne? Buɗe."

Ta sa mini rabi, ta sa wa kanta rabi. Abin da bai kai farcen yatsa ba, amma ban taɓa haɗiyar abu mai nauyinsa ba. Da zan tafi ta ce, "Gobe ki kawo kunun." Na kawo. Ta kurɓa sau uku, cikin ya ƙi karɓa. Lokaci ya riga ya wuce.

A ranar da na kai mata ganyen ne dattawan coci suka kira ni. Fada ya riga ya tafi. Malam Bulus yana zaune a tsakiya, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Mutumin kirki ne, tsoro ne ya kama shi, don a lokacin ana ta maganar masu neman abin coci su haɗa magani.

"Tani, an gan ki. Ina kika kai Jikin Ubangiji? Wurin boka, ko gindin tsamiyar surukarki?"

"Ban kai can ba, Malam."

"To ina? Ki sani, duk wanda ya sa hannu a wannan abu tare da ke, shi ma yana ƙarƙashin horo. In ya mutu a haka ba za mu yi masa addu'a ba, ba zai kwanta a bayan coci ba."

Na tuna ɗan ramin Talatu, da filin da ke kusa da shi. Na san Kande ba za ta kai mako ba. Na ja bakina na rufe. Suka yi juyin duniya, na ce ba ni da abin faɗa. Aka mai da ni kututturen baya, kusa da ƙofa, aka hana ni Jibi har Fada ya dawo ya yanke hukunci. Kafin rana ta faɗi sunan Mai Ƙulli ya zaga unguwa, har maƙwabtanmu Musulmi sun ji. Iya ce kaɗai ta dube ni ta ce, "An kai wa na kwance, ko?"

Ran Alhamis Kande ta aiko a kira ni. Muryarta ta shige ciki. Ta tura mini yaron da bayan hannu.

"Ɗauke shi. Ba don na ce na yafe ba. Don kina da gero."

"Ƙawa, ki yafe mini."

"Ina ƙoƙari," ta ce. "Ki bar ni in yi ƙoƙari."

Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan. Kafin la'asar ta cika. Malam Bulus ya yi mata addu'a, aka kwantar da ita kusa da 'yarta. Ina tsaye daga nesa, goye da Ayuba. Bayan kwana tara ruwa ya sauka. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ran Lahadin nan: ran da muka ci sabon gero na leƙa tulun, akwai saura a gindinsa da zai cika 'yar ƙwaryar Kande sau uku.

Da Fada ya dawo bayan damina na shiga layin gindin darbejiya, na faɗa masa duka, tun daga tulu har ganye. Sannan ya ce da Hausarsa mai tsalle-tsalle:

"Hannatu, abin da kika yi ba a yi. Ba ke ce mai ɗauka ba. Amma me ya sa ba ki gaya mini tana kwance ba? Da na je. Da ƙafata da na je."

Wannan ta fi horon zafi. Gidan Kande ana hango shi daga ƙofar coci. Ya yi mini gafara, ya ce wa dattawa in koma karɓar Jibi, bai ba su dalili ba don abin da aka faɗa a wurin furta zunubi ba ya fita. Ya ce in ina so in wanke sunana, in tashi a gaban jama'a in faɗa da bakina. Ban tashi ba. Da fari na yi shiru don Kande ta sami kabari. Daga baya kuwa don kaina na yi, ba zan yi muku ƙarya ba. In na ce Kande na kai wa, za a ce me ya sa, daga nan sai ƙwaryar da ta kife, daga ƙwarya sai tulu, yaron da ke bayana kuma zai girma ya ji. Na ga gara a ce mini mai tsafi da a ce mini abin da nake. Ku ne kuka biya, da bakinku da aka fasa a hanyar rijiya. Wannan ma ina neman gafararku. Ban sani ba ko maganata ce ta jawo, amma tun daga shekarar, duk Fadan da ya zo, kafin ya hau babur sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Akwai na kwance?" Daga baya aka ba katakis batta. Battar da Ayuba ke ɗauka ke nan.

Na shekara fiye da hamsin ina karɓar Jibi bayan wannan, kuma ga abin da na gane, ni da ban yi karatu ba. Ba ladan masu kirki ba ne, da ba a taɓa ba ni ba. Abinci ne da yake ɗaure ka da mutane, har da wanda ka cuta, har da wanda ya mutu bai gama yafe maka ba. Ba ka iya haɗiye shi ka koma ka ja ƙofa ka yi niƙa a ɓoye, ka ce ba abin da ya faru. Duk ran da aka ɗora mini shi a harshe, rabi nake ji, ɗaya rabin yana wurin Kande.

To, ran Lahadi Ayuba ya shigo kamar yadda ya saba. Ya ce, "Inna, ga Baƙonki na kawo." Kunun tsamiyar da nake sa a dama masa kullum yana ajiye a ƙwarya, rufe da faifai, don in ya gama yakan zauna ya sha muna hira. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya yi addu'a, ya buɗe batta ya ɗaga. Na ƙi buɗe baki.

"Inna, lafiya?"

"Mayar da shi tukuna. Zauna. Akwai abin da za ka ji, in ka ji sai ka ga ko za ka ba ni."

Na faɗa masa duk abin da Rifkatu ta rubuta a nan, ban rage ba. Mutum mai furfura a gemu, yana zaune a kan tabarma kamar an dasa shi. Da na gama tambaya biyu ya yi mini.

"Yayata, Talatu. Tafi ɗaya aka roƙa mata?"

"Tafi ɗaya."

"Geron ya rage?"

"Ya rage."

Ya rufe battar ya sa a aljihun ƙirji, ya tashi ya fita. Na kasa kunne ina jiran ƙarar babur. Ban ji ba. Na ji kaji, na ji ana jan ruwa a rijiya, inuwar ƙofa ta matsa daga nan zuwa can. Na ce shi ke nan, Tani, abin da kika binne ya fito. Sai ga inuwarsa a bakin ƙofa. Ya shigo ya durƙusa, ya buɗe battar. Ya ɗaga.

"Jikin Kristi."

Bai ce Inna ba. Na ce amin, na buɗe baki, ya ɗora mini. Ya ninke ƙyallensa. Sannan idonsa ya sauka a kan ƙwaryar kunu. Ya san al'adar, a gidan nan ya tashi, kuma yanzu ya san abin da uwarsa ta yi da tawa ƙwaryar. Ya ɗage faifan, ya daɗe yana kallon kunun. Ya mayar da faifan ya rufe, ya gyara wa ƙwaryar zama a kan gammo don kada ta karkace, ya tashi ya fita.

Bai sha ba. Amma bai kife ba.

Kada wani cikinku ya je masa da magana, ko roƙo, ko faɗa. Uwarsa ta ce a bar ta ta yi ƙoƙari, ba ta sami kwanakin ba. Shi ku bar masa nasa. Rifkatu, ajiye alƙalamin haka. Ki wanke ƙwaryar nan, ki jiƙa tsamiya ran Asabar. Ran Lahadi a dama da kauri, a ajiye a inda aka saba.